Mirragen: audugar gilashi da ake shimfiɗa wa gyambo, da iyakar abin da take iya yi

Idan aka yage ledar Mirragen, abin da ke ciki fari ne fat, mai laushi, kamar alawar auduga da aka ɗan danne ta zama faifai. Ana iya yanka shi da almakashi, ana iya yagarsa da hantsaki, kuma idan aka ɗaga shi ga haske za a ga 'yan ƙwayoyi ƙanana kamar yashi maƙale a cikin zaren. Duk da wannan laushi, gilashi ne tsantsa. Ana shimfiɗa shi a cikin gyambo, a rufe, kuma ba a komawa a cire shi. Ruwan ciwon ne ke narkar da shi a hankali har ya ɓace, sabon nama ya maye gurbinsa.

Kafin a je ko'ina, a raba shi da wani abu mai kama da shi. Audugar gilashin da ake cusawa a jikin tanda ko a saman silin don tare zafi ba danginsa ba ce ko kusa. Waccan ba ta narkewa a jiki, sai dai ta soki fata ta haddasa ƙaiƙayi da kumburi. Wanda ya sa ta a ciwo ya ƙara wa kansa ciwo ne.

Kamfanin ETS Wound Care da ke garin Rolla a jihar Missouri ta Amurka ne ke yin Mirragen, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ba da izinin sayar da shi a 2016. Amma asalin tunanin ya girme shi da kusan shekara 50. A 1969 Larry Hench na Jami'ar Florida ya haɗa gilashin da ake kira 45S5, wanda ƙashi ke mannewa da shi maimakon jiki ya ƙi shi. Haɗinsa kashi 45 cikin 100 silika ne, wato sinadarin yashi, 24.5 sodiyam, 24.5 kalsiyam, sai 6 fosfaras, dukansu a haɗe da iskar oksijin. Da shi ake cike gurbin ƙashi har yau, shi ne kuma NovaMin da ake sawa a wasu man goge baki. A 1981 June Wilson da abokan aikinta suka nuna cewa tsoka da fata ma suna kama wannan gilashi. Sai dai yana da jinkiri. Idan ya fara narkewa, silikar da ta rage tana yin wani ɓawo a samansa wanda ke hana ruwa kaiwa ciki. Ƙashi na iya haƙurin watanni. Gyambon da ake wankewa duk mako ba ya iyawa.

Delbert Day da ɗalibinsa Steve Jung, a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Missouri, suka cire silikar gaba ɗaya suka sa boron a madadinta. Gilashin da suka dogara a kansa, mai suna 13-93B3, kashi 53 cikin 100 na nauyinsa boron ne, 20 kalsiyam, 12 fotasiyam, 6 sodiyam, 5 maganiziyam, 4 fosfaras, su ma dukansu a haɗe da iskar oksijin. Tunda babu silika babu wancan ɓawon, sai ya narke cikin kwanaki zuwa 'yan makonni. Suka kuma ja shi ya zama zare siriri ƙwarai, kaurinsa daga ƙasa da maikuron 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, zuwa 'yan maikuron kaɗan, alhali silin gashin kai yana kaiwa wajen maikuron 70. An fara gwada shi a kan mutane a wani asibiti a Rolla wajen 2010, da sunan DermaFuse, a kan majinyata 12 masu gyambon ƙafa da ya ƙi ji, aka ba da rahoton cewa 8 sun rufe. Likitocin dabbobi kuma sun san irinsa da sunan RediHeal.

Aikinsa a cikin ciwo kashi biyu ne, kuma na farkon ya fi samun tabbaci. Sabon rauni yana fara warkewa ne da gudan jini, wanda a cikinsa akwai wata raga ta zaren faibirin. A kan wannan ragar ƙwayoyin halittar da ke gina nama suke tafiya daga bakin ciwo zuwa tsakiya. Tsohon gyambo ya rasa wannan raga, domin sinadaran da ke cikin ruwansa suna cinye duk abin da jiki ya saƙa. Zaren gilashin yana kwaikwayon siffar ragar, kuma tunda ba furotin ba ne, waɗannan sinadarai masu cin furotin ba su da abin ci a jikinsa. Kashi na biyu shi ne abin da yake saki yayin narkewa. Kalsiyam da boron suna shiga ruwan ciwon, kuma a gwajin ɗakin bincike da na dabbobi an ga suna ƙarfafa tsirowar ƙananan jijiyoyin jini. Ruwan wurin kuma yakan karkata zuwa ɓangaren kanwa, abin da ƙwayoyin cuta da yawa ba sa so. Kalsiyam ɗin da ya rage yana haɗuwa da fosfet ya zama wani gari mai kama da ma'adinin ƙashi, wanda jiki ke kwashewa daga baya. Wannan garin shi ke rikita masu wankin ciwo, za mu dawo kansa.

Kada a ɗauki maganar kanwar da nisa. An ba Mirragen izini ne a matsayin shimfiɗar kula da ciwo, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Gyambon da ke fitar da mugunya, gefensa ya yi ja ya yi zafi, mai shi na zazzaɓi, magani yake buƙata ta baki ko ta jijiya, wani lokaci da wuƙar likita. Shimfiɗa gilashi a kansa rufe tukunya ne da wuta a ƙasa.

An tsara shi don gyambon ciwon suga, gyambon kwanciya, gyambon da taruwar jini a jijiyoyin ƙafa ke kawowa, raunin tiyata da ya buɗe, yanka da ƙujewa, da ƙunar da ba ta cinye kaurin fata duka ba. Ƙunar da ta ci fata har ƙasa, wadda ta yi fari ko baƙi ba a jin zafinta, dashen fata take nema. Amma jerin ciwuka a takarda ba shi ke nuna wanda zai amfana ba. Tambayoyi uku ne ke nunawa, kuma duk kafin a taɓa ledar ake yinsu.

Jini yana kaiwa wurin? A taɓa bugun jijiya a bayan ƙafa da bayan idon sawu. In akwai na'ura, a auna hawan jini a idon sawu a raba da na hannu. Daga 0.9 zuwa 1.3 lafiya lau ne. Ƙasa da 0.5 toshewa ce mai tsanani, babu shimfiɗar da za ta rufe wannan ciwo sai an buɗe hanyar jini. Sama da 1.3 kuma ba albishir ba ne ga mai ciwon suga, alama ce jijiyoyin sun sandare, awon ya yi ƙarya, sai a auna a babban ɗan yatsa.

Ciwon ya kai ƙashi? A zura siririn ƙarfe mai tsabta marar tsini a hankali. In ya daki abu mai tauri mai gautsi, akwai yiwuwar ƙashin ya kamu, sai hoto da magani na makonni.

An ɗauke abin da ya kawo gyambon? Na tafin ƙafar mai suga takawa ce ke hana shi rufewa, tunda ba ya jin zafi balle ya ɗingisa. Sai an sa masa simintin da ke rarraba nauyi, ko takalmin asibiti mai tsawo da ba zai riƙa cirewa ba. Na taruwar jini sai an naɗe ƙafar da bandeji mai matsi daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa, wajen milimita 40 na awon matsi a idon sawu, shi ma in awon jinin bai gaza 0.8 ba. Na kwanciya sai juya majinyaci kusan duk awa 2. Wanda ya tsallake wannan mataki ya sayi Mirragen, ya sayi abin da tafin ƙafa zai murƙushe kafin a kai bakin ƙofar asibiti.

Sa shi ba wuya, kuma wannan na cikin abin yabonsa. A fara da kankare mataccen nama da kantar da ta zagaye bakin gyambon, har a kai naman da ke ɗan tsattsafo jini. Wannan shi ne rabin aikin. A wanke da ruwan gishiri na asibiti, mai kashi 0.9 cikin 100, a tsane gefen fata. A auna tsawo da faɗi da zurfi a rubuta, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Sannan a canja safar hannu, a tabbata busasshiya ce, domin zaren yana manne wa jiƙaƙƙen yatsa ya dunƙule kamar yadda alawar auduga ke yi. A yanka daidai girman ciwon, a ɗora, a bi shi da ɗan dannawa har ya kwanta a kowane lungu ya taɓa bakin ciwon ta ko'ina. In akwai rami ko kogo a ƙarƙashin fata, a yagi zaren a cusa sako-sako. Ba a danƙara shi kamar ana cika matashi, domin 'yan kafofin da ke tsakanin zaren su ne hanyar da nama zai bi. In ciwon busasshe ne a ɗiga masa ruwan gishiri kaɗan. Daga nan sai shimfiɗar da ba ta mannewa, a samanta kuma abin da zai tsotse ruwa, sai bandeji. Ana iya canja na saman duk lokacin da ya jiƙe ba tare da an taɓa na ƙasan ba. Shi gilashin ana duba shi ne tsakanin kwana 3 zuwa 7, galibi mako-mako, a ƙara sabo inda ya cinye.

A ranar dubawar farko ake yawan ɓata aikin. Abin da aka shimfiɗa fari mai laushi ya koma wani abu fari-fari ko ruwan ƙasa-ƙasa, mai ɗan tsakuwa-tsakuwa kamar jiƙaƙƙen yashi, wani wurin ya yi ɓawo. Idon da ya saba da gyambo zai ce mataccen nama ne ko mugunya, hannu ya kai ga abin kankara. To wannan shi ne garin kalsiyam da aka ambata, kuma a ƙarƙashinsa sabbin jijiyoyi ke tsirowa. Bambance su ba wuya in an natsu. Mataccen nama yana da yauƙi da zare-zare, yakan yi wari, kuma ciwon da ke ruɓa gefensa na kumbura, ruwansa na ƙaruwa. Ragowar gilashi ba ta wari, tana da gautsi, gefen ciwon kuma a kwance yake. A zuba ruwan gishiri a hankali, abin da ya tafi ya tafi, abin da ya kama a bar shi, a ɗora sabo a kai. Wurin da ya halatta a taɓa shi ne ɓawon da ya taurare a bakin ciwo ya tare fatar da ke rarrafowa, ko ya toshe ruwa a ƙarƙashinsa. Shi wannan a jiƙa shi a ɗaga.

Ruwa ma yana da nasa sharrin ta fuska biyu. Gyambon da ke zubar da ruwa sosai yana narkar da zaren cikin kwana biyu ko uku, sauran kwanakin makon ciwon na zaune babu komai, gefen fata kuma ya yi fari ya jiƙe kamar hannun mai wanki. Maganin wannan shi ne a rage ruwan daga tushe da matsi da ɗaga ƙafa, a yawaita canja shimfiɗar sama, a shafa wa fatar gefe man kariya. Busasshen gyambo kuma akasin haka ne. Gilashin na nan yadda aka sa shi, bai narke ba, bai saki komai ba, an biya kuɗi an ajiye auduga. Shi ya sa ba a ɗora shi a kan baƙin ɓawo.

Sai kurakuran da al'adar ɗakin wankin ciwo ke jawowa. Ɗora ƙyallen ɗauri kai tsaye a kansa yana sa zaren ya shiga saƙar ƙyallen, ranar cirewa su fito tare da sabon naman. Shafa man shafawa mai maiƙo a cikin ciwon kafin a shimfiɗa yana shiga tsakanin gilashin da ruwan da zai narkar da shi. Wanke ciwon da haidurojin mai kumfa a kowane zuwa yana kashe ƙwayoyin halittar da ake lallashi su hau ragar. Ragowar da aka yanke kuma ba a ajiye ta don mako mai zuwa ko don wani majinyaci, leda ɗaya ta mutum ɗaya ce a zama ɗaya. Majinyacin da jijiyoyin jinsa ke da lafiya yana iya jin ɗan raɗaɗi a farko, ya kamata a gaya masa tun kafin ya koma gida ya kwance ɗaurin.

To, yana warkarwa fiye da wankin ciwo na yau da kullum? Hujja mafi ƙarfi ta fito daga gwajin da David Armstrong ya jagoranta, wanda aka buga a mujallar International Wound Journal a 2022. An raba masu gyambon suga 40 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 20 aka sa musu Mirragen duk mako, 20 aka sa musu shimfiɗar kolajin, wato furotin ɗin fata, da aljinet da ake samu daga ciyawar teku, dukansu an kankare musu ciwon an kuma ɗauke musu nauyi daga ƙafar. Bayan mako 12, mutum 14 sun warke a gidan farko, 5 a na biyu, wato kashi 70 da kashi 25. Tazara ce babba, amma a lura cewa a gida mai mutum 20, mutum ɗaya kaɗai kashi 5 ne. Gwajin da ya biyo baya a 2025, mai mutum sama da 130, ya sake ba gilashin rinjaye, sai dai lambobin sun sauko, kusan rabi suka warke a gidansa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu a ɗaya gidan. Wannan na biyun ya fi kama da abin da za a gani a asibiti, kuma yana nufin cikin kowane mutum biyu, ɗaya zai kai wata uku ciwonsa bai rufe ba.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya riƙe game da waɗannan gwaje-gwaje. Kamfanin da ke sayar da kayan ne ya ɗauki nauyinsu, kamar yadda aka saba a wannan kasuwa. Gyambunan da aka zaɓa marasa zurfi ne, ba su kai jijiya ko ƙashi ba, ba su ruɓe ba, jini kuma na kaiwa ƙafar. Ƙafar da ta kwana uku tana wari kafin a kawo ta asibiti, bayan an gama da garin magani da toka, ba irinta aka gwada ba. Gyambon idon sawu na masu sikila ma ba ya ciki. An kuma gwada shi ne da shimfiɗa mai sauƙi, ba da manyan abokan gasarsa ba. A kan sauran ciwukan, abin da ake da shi yawanci rahoton majinyata ne ɗaiɗai ko 'yan ƙalilan, irin rahoton da ba a cika buga wanda bai yi kyau ba.

Inda ya yi wa abokan gasar fintinkau shi ne abin da aka yi shi da shi. Oasis daga bangon hanjin alade ake yinsa, Integra daga kolajin saniya da guringuntsin kifin shak, Kerecis daga fatar kifi, wasu kuma daga mabiyiyar ɗan adam, wadda ke fitowa bayan haihuwa. Ga majinyaci Musulmi wannan tambaya ce da takan taso, kuma Mirragen ya kauce mata gaba ɗaya tunda ma'adinai ne zalla, babu nama babu jini. Ta wannan hanya ya kauce wa fargabar ɗauko cuta daga wanda ya ba da nama. Ba ya kuma buƙatar firji, ba a jira ya huce daga sanyi, ba a jiƙa shi na mintoci kafin a sa, a kan kantar ajiya yake zama muddin ledar ba ta huje ba kuma danshi bai shiga ba. Wanda ya san yadda wutar lantarki ke wasa da firjin asibiti ya san darajar wannan.

Boron ɗin da ya ba shi saurin narkewa shi ne kuma abin sa wa ido. A kwanon gwaji, inda ruwa ke tsaye, yawansa yana kashe ƙwayoyin halitta. A jikin mutum jini na kwashe shi, ƙoda ta fitar da shi a fitsari, shi ya sa a ƙaramin gyambo ba a ɗauke shi abin damuwa ba. Amma masu gyambon suga da yawa ƙodarsu ta riga ta raunana. A ganinmu, ciwo mai faɗi sosai a jikin mai ciwon ƙoda, ko mai ciki, ko ƙaramin yaro, wuri ne da likita zai tsaya ya yi lissafi kafin ya shimfiɗa.

Kuɗi kuwa, a Amurka inshora na biyansa ne da murabba'in santimita, ajinsa ɗaya da sauran shimfiɗun da ake kira madadin fata, ba da bandeji da filasta ba. Gyambo mai tsawon santimita 3 da faɗin 2 murabba'i 6 ne, amma faifan da za a buɗe ya fi haka, ragowar kuma shara ce, sannan a ninka da yawan zuwa asibiti, sau 8 ko 12. Ba kayan kemis ba ne, sai da takardar likita, kuma asibitoci da ɗakunan kula da gyambo ake sayar wa. Duk wanda ya ga ana tallar farin zare ko gari a intanet da sunan gilashin warkar da ciwo, babu lambar rajista, babu ranar lalacewa, babu shaidar an kashe ƙwayoyin cutar cikinsa, ya bar shi inda ya gan shi.

Hukuncinmu a kansa shi ne kaya ne mai kyau ga ciwo ƙayyadadde: gyambo mai tsabta, mai jini, wanda aka ɗauke wa nauyi ko aka matse, amma ya tsaya cak. Ba shi ake farawa da shi ba. Ƙa'idar da masu kula da ƙafar suga ke bi ita ce a ba kulawa ta asali mako 4 cikakku. In faɗin ciwon ya ragu da rabi, a ci gaba da abin da ake yi, akwai kyakkyawan zaton zai rufe ba tare da gilashi ba, kuɗin kuma ya fi amfani a takalmi da maganin suga. In bai ragu da rabi ba, a nan Mirragen ya cancanci a buɗe ledarsa. Shi ma da wannan mudun za a auna shi. A ninka tsawo da faɗi a ranar farko, a sake a kowane zuwa, da ma'auni ɗaya kuma in da hali da hannu ɗaya. In an yi shimfiɗa huɗu lambar ba ta motsa ba, a dakata da ta biyar, a koma a sake auna jinin ƙafar, a ɗauki hoton ƙashi, a kuma juya takalmin asibitin a duba ƙasansa. In ya yi wata guda a gida ƙasan na nan sabo fil, majinyacin da silifas yake yawo.